Kun Tambaya, Mun Amsa: Ɗan Ƙaramin Lambu Cikin Kasko

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamar firamare ce a unguwar Zariya, nan Maradi. Na ga hotuna a Facebook na wasu Turawa suna shirya ɗan lambu cikin kasko, da ƴan gidaje da hanyoyi irin na wasan yara, wai don wani bikinsu na watan Yuni. Mene ne asalin abin? Zan iya yin irinsa da ɗalibaina, ko akwai wani abu a ƙarƙashinsa?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Abu biyu ne aka gwama a hotunan nan: biki da sana'a.

Bikin na ranar da ta fi kowace tsawo ne a arewacin duniya, 20 ko 21 ga Yuni. Mu nan ba ma cika lura da ita ba, don wuninmu bai kai awa 13 ba a ranar. A birnin Istokhom na Suwidin kuwa wuni kan wuce awa 18, bayan sun sha watanni cikin duhu da sanyi, shi ya sa abin ke da girma a wurinsu. Mutanen Suwidin na yin nasu ranar Juma'ar da ta faɗo tsakanin 19 da 25 ga Yuni, su kafa doguwar sanda su naɗe ta da ganye da furanni suna rawa kewaye da ita. A Finlan da Latbiya wuta ake hurawa. A kudancin Ingila jama'a kan kwana a wurin tsofaffin duwatsun nan na Stonehenge suna jiran fitowar rana. Coci ta ajiye 24 ga Yuni a matsayin ranar haihuwar Annabi Yahaya, sai al'adun biyu suka cakuɗe. Masu farfaɗo da addinin gargajiyar Turai a wannan zamani suna kiran ranar Litha, kuma su ne suka fi haɗa ta da ɗan lambun, domin a tatsuniyoyin Ingila da Ailan daren nan ne wasu ƴan mitsi-mitsin aljanu ke fitowa. Sai a gina musu masauki cikin kasko, wasu har su ajiye musu madara ko zuma.

Sana'ar ba ta rataya ga wannan imani ba. Mutanen Sin suna shirya tsaunuka da bishiyoyi cikin faranti tun zamanin daular Tang (618 zuwa 907). Abin da za ki yi da yara aikin hannu ne da koyon shuka: ƙauye guda cikin kasko, da rumbunsa da rijiyarsa. Ajiye wa iskoki abinci wata magana ce daban, hukuncinta na malamai ne, lambun kuma ba ya buƙatarsa.

Gargaɗinmu ɗaya ne: kada ki kwaikwayi hoton yadda yake. Gansakukar da suke shimfiɗawa kamar darduma ba ta kwana biyu a zafin Maradi.

Tambaya: Ina da tsohuwar randa da ta fashe, gindinta ya rage. Ku yi mini bayani dalla-dalla yadda zan mai da ita irin wannan lambu. Daga wata uwar gida a Tibiri.

Amsa: Hajiya, kin riga kin sami abin da ya fi. Tukunyar ƙasa tana numfashi, tana sanyaya saiwa. Kwanon ƙarfe kuwa dafa ta yake yi da rana tsaka, roba kuma ba ta daɗewa a rana take tsagewa. Gindin randa mai faɗin santimita 45 zuwa 50 da zurfin 15 ya wadatar.

Fara da huji. A jiƙa randar cikin ruwa ta kwana, a ɗora gindinta bisa rairayi, a huda daga ciki da ƙusa ana bugawa sannu-sannu. Huji huɗu ko biyar, kowane faɗin ƙaramin yatsa. Wanda ya yi gaggawa a nan zai raba ta biyu. A kifa tsingaro bisa kowane huji, a shimfiɗa ƙyallen tsohon gidan sauro a kai don kada ƙasa ta zube. Mutane da yawa kan cika gindi da tsakuwa wai don ruwa ya wuce. Ba mu goyi bayan haka ba: ruwa kan tsaya ne a ƙasar da ke saman tsakuwar, kusa da saiwa, ga shi an rage zurfin da dama bai da yawa.

Haɗin ƙasa, da duk kwanon da kike awo da shi: biyu na rairayin gulbi mai gautsi, biyu na ƙasar lambu, ɗaya na takin awaki da ya ruɓe har ya daina wari, rabi na dakakken gawayi. Ki yayyafa ruwa ki dunƙula a hannu. In ya dunƙule sannan ya warwatse da kin taɓa shi, ya yi. In ya zauna curi guda yana maƙalewa, laka ta yi yawa, ƙara rairayi. A bar santimita biyu tsakanin ƙasa da bakin randa, kuma a yi tudu ta baya, gangare ta gaba. Wannan ɗan tudun shi ke sa abin ya yi kama da fili na gaske.

Sai shuke-shuke, kuma nan ake yawan ɓata aiki. Duk abin da zai zauna kasko ɗaya dole ƙishinsa ya zo ɗaya. Na'a-na'a mai son ruwa kullum ba ta zama da shukar zabuwa, wadda ruwa ke ruɓarwa. Mu mun fi son ɓangaren masu jure fari. Bishiyar ƙauye: ɗan tsiron tsamiya, don ganyenta ƙanana ne, ya dace da ƴan gidaje. A jiƙa ƙwallon ya kwana kafin a shuka, in ya kai taƙi ɗaya a tsinke kansa ya yi rassa, a datse doguwar saiwar lokacin dashe. Kariya ma tana kyau sosai saboda kaurin gindinta, amma ruwan jikinta guba ne, haka na aguwa yana ƙona ido, don haka gidan da ke da ƙananan yara a bar su. Gefe guda a sa ɗan reshen karan masallaci ko ƴar zabuwa. Shimfiɗar ƙasa kuwa halshen saniya, ko ɗan'uwansa mai furanni kala-kala da masu sayar da fulawa ke kawowa: a tsinko reshe kamar tsawon yatsa a soka, cikin mako guda ya kama. Iri uku ko huɗu sun isa. Rabin filin a bar shi fili, don hanya da tsakar gida.

Gidaje su bi ma'auni ɗaya. In ƙofar ɗaki santimita huɗu ce, ɗakin ya zama bakwai ko takwas, rumbu ya ɗan fi shi tsawo, rijiya kada ta wuce faɗin murfin kwalba. Ɗanyen yumɓu narkewa yake yi a ruwan farko. Ko dai a kai wa mai ginin tukwane ta gasa tare da kayanta, ko a yi da siminti ɗaya rairayi uku, sannan a jiƙa cikin bokiti mako guda ana canza ruwa, don ɗanyen siminti yana ɓata ƙasa. Jinka da tsinken tsintsiya, a ɗaure da siririyar waya. Gam ɗin da ake narkawa da wuta yana saki in rana ta buge shi. Hanya da ƴar tsakuwa, danga da kara.

In don wata rana ake shiri, a ce 21 ga Yuni, tsamiya ta riga kowa da wata biyu ko uku, sauran dashe a farkon Mayu. Lokacin bazara na kan ganiyarta, don haka kaskon ya yi mako biyu ƙarƙashin rumfa kafin ya ga rana. Koriyar ciyawa kuwa dabara ce ta ɗan lokaci: a watsa gero da kauri a wani lungu, a rufe da ƙasa kaɗan, cikin kwana uku ko huɗu ya tsiro, a riƙa aske shi da almakashi. Bayan mako uku zai yi rawaya, a tuge a sake watsa wani. Shi kaɗai ake yayyafa wa ruwa kullum, da cokali, ba a jiƙa sauran ba.

Tambaya: Na yi nawa, ya yi kyau mako biyu, sai zabuwar ta yi laushi ta faɗi, dangar kuma ta zama gari. Me ya faru? Daga wani ɗalibi a unguwar Ali Ɗan Sofo.

Amsa: Ƙanenmu, zabuwar ruwa ne ya kashe ta. Laushi daga gindi tare da wari ruɓewar saiwa ce, ko don ban ruwa kullum, ko don kaskon ya kwana cikin ruwan sama huji a toshe. Ka soka yatsa har gaɓa ta biyu. In da danshi, ba a ƙara ruwa. Da bazara bayan kwana biyu, da damina kan yi mako ba a ba shi ba. In hadari ya taso a janye shi ƙarƙashin rumfa, kuma ko kusa kada ya zauna ƙarƙashin indararo, ruwa ɗaya ya kwashe ƙauyen duka. Wurin da ya fi shi ne gabas da bango: hantsi ya same shi, inuwa ta rufe shi bayan azahar.

Dangar kuwa gara ce. Ta hujin gindi take shigowa in kasko na zaune a ƙasa. Ɗora shi bisa bulo biyu ko tebur na ƙarfe, wanda zai kuma raba shi da kaji, ko da yake akuya sai an yi mata shinge. In ganye ya ƙone daga baki bayan dashe, takin bai gama ruɓewa ba. Farin ɓawo a saman ƙasa gishirin ruwa ne, a kankare shi, a yi ban ruwa mai yawa sau ɗaya har ya fita ta huji. Fararen ƙwari masu kama da auduga a hammatar ganye: daka ƴaƴan dogon yaro giram 50, jiƙa cikin lita ɗaya ya kwana, tace, sa ɗan sabulu, fesa da yamma, maimaita bayan mako.

Mun ga a hoton da ka aiko ka binne murfi ka cika da ruwa a matsayin tabki. Sauro na ƙyanƙyashewa ya tashi cikin kwana bakwai zuwa goma a ruwan da bai fi wannan ba. Zubar da shi ka sa shuɗin dutsen ado, ko ka riƙa juye shi duk bayan kwana biyu. Kyandir ɗin da ka kafa kusa da jinka ma a cire, ƴar fitilar sola ta isa.