Tambaya da Amsa: Ziyarar Gawi a Kan Keke

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Mu shida ne abokai, duka mazauna Injamena, babban birnin Chadi, kowa da kekensa. Mun yi shawarar ware rana guda mu je Gawi mu dawo, amma biyu daga cikinmu sun ce wahalar banza ce, wai babu abin gani sai gidajen ƙasa da tukwane. Shin tafiyar ta cancanta, kuma wane shiri ya kamata mu yi? Daga wani mai karatu, Injamena.

Amsa: Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Ku je, kuma ku lallashi abokan nan biyu su bi ku, domin gidajen ƙasa da tukwanen da suka raina su ne ainihin abin da ake zuwa gani. Birnin da kuke zaune a ciki Faransawa ne suka kafa shi a 1900 da sunan Fort-Lamy, bai kuma karɓi sunan Injamena ba sai a 1973. Gawi kuwa garin ƙabilar Kotoko ne da ya riga shi da nisa, kuma Kotoko suna ɗaukar kansu jikokin Sao, mutanen da suka zauna a kudancin Tafkin Chadi cikin garuruwa masu ganuwa, waɗanda Barno ta daɗe tana gwabzawa da su har zuwa zamanin Mai Idris Aloma a ƙarni na 16. Labarin kaka da kakanni yana cewa ƙattai ne masu ƙarfin gaske, amma abin da ƙasa ta adana daga gare su, wanda masu bincike daga Faransa suka fara tonowa a shekarun 1930, shi ne aikin yumɓu da na tagulla.

Tsohuwar fadar sarkin garin ita aka mayar gidan tarihi, kuma a nan nake so ku fi daɗewa. Ku nemi mai kula da wurin ya zaga da ku, ku tambaye shi game da manyan randunan da Sao ke binne mamatansu a ciki, inda ake naɗe gawa a zaune a randa ɗaya, a kife wata a kanta. Da kun fito, ku tsaya wurin matan da ke ginin tukwane. Na taɓa zama kusan awa guda ina kallon wata dattijuwa tana ɗaga bakin randa da hannu kawai, tana lulluɓa yumɓu tana shafe shi da jiƙaƙƙen tafi, ba ta ko duban abin da take yi saboda sabo. A ganina wanda ya kalli wannan bayan ya ga randunan fada ya fahimci Gawi fiye da wanda ya ɗauki hoto ɗari. Ku kuma lura da zanen da aka ƙawata bangon gidaje da shi.

Batun hanya mai sauƙi ne. Garin yana kimanin kilomita 10 arewa maso gabas da birni, ƙasar kuma shimfiɗaɗɗiya ce babu hawa, saboda haka awa ɗaya ko ɗaya da rabi ta isa, gwargwadon unguwar da kuka taso. Abin da zai iya ɓata muku rana shi ne lokaci. Daga Maris zuwa Mayu zafi yana wuce digiri 40, da damina kuma baƙar laka mai danƙo tana cika tsakanin taya da madogarinta har keken ya ƙi motsi. Ku zaɓi hunturu, tsakanin Nuwamba da Fabrairu, ku tashi bayan sallar asuba da zarar gari ya waye, ku yi azahar a can, ku kamo hanyar gida bayan la'asar don magariba ta same ku a birni.

Kafin ranar, kowa ya kai kekensa wurin mai gyara a duba birki da sarƙa. Ku ɗauki famfo, da faci, da sholisho, da tub ɗaya na ajiya, domin ƙaya ba ta da wuyar samu a gefen hanya, ni ma ta taɓa sa ni tura keke da rana tsaka. Kowa ya riƙe ruwa aƙalla lita 2, da ɗan dabino ko gyaɗa, da katin shaidarsa, da ƙananan kuɗin sefa na shiga gidan tarihi da na ihsani ga wanda ya zaga da ku.

Idan kun isa, ku sauka daga kekuna ku shiga da sallama, ku fara gaida dattawan da kuka tarar. Larabcin Chadi zai wadatar da ku wajen magana. Kada ku ɗaga waya a kan mace ko ƙofar gida sai an ba ku izini, kuma ku sayi wani abu daga masu tukwanen. Ƙaramin kasko ko tulu zai zauna a bayan keke idan an naɗe shi da zane an ɗaure da roba, randa kuwa ku bar wa mai mota.