Kar ka danna "dole" tukuna, ɗan'uwa

Wa'alaikumussalam ɗan'uwa. Wallahi ina karanta tambayarka gabana ya faɗi, don wannan tsoron da kake ji na kar ka kunna MFA (mataki na biyu bayan faswod, kamar kod daga waya) da SSO (shiga sau ɗaya da asusun aiki ya buɗe maka komai) a ma'ajiyar fayilolin ofishinku ka wayi gari ka kulle kowa a waje har da kai kanka, ba tsoron banza ba ne, mu ya faru da mu. Ka ce oga ya matsa a gama cikin satin nan, kuma kana tambaya ko kod na SMS ya isa ko sai an sa app. Zan zo kan SMS ɗin. Amma kafin nan ka zauna ka tambayi kanka abu ɗaya: in wayar da ke karɓar kod ɗin babban admin ta ɓata yau da daddare, gobe da safe ta ina za ku shiga? In ba ka da amsa to kar ka taɓa komai tukuna, ko da oga zai yi ta kira.

Mu wani aka ɗauko mana daga waje, wai ƙwararre, tun kafin a miƙa min ragamar kwamfutocin ofis. Cikin yini ɗaya ya haɗa komai, kowa na ta yabonsa, ka shiga da imel ɗin aiki sau ɗaya duk foldoji sun buɗe. Ashe bawan Allahn nan da ya buɗe asusun babban admin, da wayarsa ta kansa ya ɗauki hoton QR ɗin da ke haɗa app ɗin kod da asusun, bai fitar da kod ɗin ajiya da ake shiga da su in waya ta ɓata ba, bai ƙara admin na biyu ba, sannan ya mayar da SSO dole a kan kowa. Da zai tafi ya miƙa takarda ɗauke da faswod, aka sa a fayil aka rufe, kowa na ganin ai an yi handoba. Daga baya suka samu saɓani da manya kan cikon kuɗin kwangilarsa, ya yi fushi ya tafi abinsa. Abu ya ci gaba da aiki lafiya lau har aka manta da shi, sai ranar da satifiket ɗin SAML, wato shaidar da SSO ke dogara da ita, ya ƙare.

Ranar ba zan manta da ita ba. Da safe mutum na farko ya zo ya ce min Drive, inda fayilolinmu suke, ya ƙi buɗewa, na ce ya sake kunna laftof. Kafin in ajiye jaka sun taru a bakin teburina. Wasu da ke da app ɗin da ke sinkin a kwamfuta suna ganin fayilolinsu tukuna, waɗanda suka saba shiga ta burawza kuwa duk an koro su. Ga mai kula da akawun ɗinmu, baiwar Allah mai haƙuri, tana tsaye a bayana riƙe da kofin da ko kurɓa ba ta yi ba, fayil ɗin albashi na ciki kuma ranar ya kamata ya fita. Na ɗauko takardar nan na sa faswod, ya karɓa, har na sauke ajiyar zuciya, sai ga akwatin nan mai gurbi shida ya fito yana jiran kod. Kod ɗin da ke wayar mutumin da ba ya ga maciji da ofishinmu.

Na kira, ta yi ta ƙara ya katse. Na tura saƙo, ya karanta ya yi shiru. Na sake turawa da ban haƙuri kamar ni na ci masa kuɗi, sai can ya amsa da layi ɗaya wai aikinsa da mu ya ƙare, in muna da magana mu rubuto a hukumance. A hukumance fa! Mutane na tsaye a kaina. Da yamma ya ga dama ya ɗaga, ya ce to bari ya duba, ya fara karanto lambobin ɗaya bayan ɗaya yana ja yana tsayawa yana magana da wani a gefensa, kuma ya fi ni sanin kod ɗin nan daƙiƙa 30 yake yi ya canza. Kafin ya kai ta shida ya mutu. Na ce don Allah ka karanto sabon, ya ce shi yana da abin yi, ƙit ya kashe. Har yau in na tuna muryarsa a lokacin raina ɓaci yake, don ba mantuwa ba ce, yana sane. Ko da a ce an zalunce shi a kuɗinsa, me masinja da direba da ke jiran albashi suka yi masa?

Muka koma wajen kamfanin da muke ajiya a wajensu, suka ce mu tabbatar mu ne masu domen ɗin (sunan ofishinmu a intanet) ta hanyar ƙara wani rekod a DNS, wato saitin domen ɗin, kuma gaskiyarsu ne, ba za su miƙa asusun ofis ga duk wanda ya kira yana kuka ba. To domen ɗin ma da imel ɗinsa ya yi rajistarsa. Saƙonnin gargaɗin cewa satifiket zai ƙare ma duk akwatinsa suka yi ta shiga. Ƙarshe dai sai da oga ya biya shi abin da yake nema kafin ya saki. Allah ya isa dai ban ce ba, amma na kusa.

To shi ya sa nake ce maka ka fara da hanyar dawowa. Admin biyu aƙalla, mutum biyu daban, waya biyu daban. Microsoft da kansu suna ba da shawarar a ajiye asusun gaggawa guda biyu ko fiye waɗanda ba su rataya a kan SSO ba kuma ba a aikin yau da kullum da su. Ka fitar da kod ɗin ajiya, a Google guda 10 ne masu lamba 8, kowanne sau ɗaya yake aiki, ka buga su a takarda a sa a ambulan a kulle a sef. Don girman Allah kar ka yi musu sikirinshot ka ajiye a cikin Drive ɗin da kake ƙoƙarin karewa, na ga wanda ya yi haka da idona. Sannan ka je ka duba yau ɗin nan da sunan wa aka yi rajistar domen ɗinku, kar ka ce ai na sani, ka buɗe ka gani.

Maganar SMS kuwa, ya fi babu nesa ba kusa ba, amma shi ne mafi rauni. Wani zai iya yaudarar kamfanin layi a yi wa lambarka welkam bak a hannunsa, shi ke nan kod ɗinka wajensa zai riƙa zuwa, ga kuma ranar da sabis ya ɗauke ko ma'aikaci ya yi tafiya wata ƙasa layinsa ba ya kamawa. App irin Google Authenticator ko Microsoft Authenticator ba ya buƙatar data ko sabis don ya ba ka kod, da agogon wayar yake lissafi. Wannan ma ka riƙe shi, don za a zo maka da ƙorafin wai kod ba ya shiga alhali daidai aka rubuta, kafin ka fara zufa ka duba agogon wayar, sau da yawa mutum ne ya saita lokaci da hannu ya gota da minti ɗaya ko biyu, ka mayar da shi otomatik magana ta ƙare.

Wanda nake jin tsoro shi ne na "danna ka amince" ɗin nan da ke faɗowa a waya. Mutane dannawa suke ba sa karantawa. Haka aka shiga Uber a 2022, an samu faswod ɗin wani ɗan kwangilarsu aka yi ta turo masa buƙatar amincewa har ya amince da ɗaya. A 2023 Microsoft suka mayar da shi dole sai ka rubuta lambar da ke kan allon kwamfutar a cikin app ɗin, ya rage matsalar sosai. Duk da haka ka gaya wa mutanenka da baki, in abu ya faɗo maka ba kai kake shiga ba, ka ƙi, kuma ka faɗa min nan take don alama ce faswod ɗinka ya riga ya fita. Su admin da masu riƙe da fayilolin kuɗi kuwa ni a ganina a saya musu makullin USB irin YubiKey, bibbiyu kowa, ɗaya a hannu ɗaya a ajiye, ko a sa musu faski (passkey), wato makullin shiga da ke zama a cikin waya ko kwamfuta. Shafin bogi zai iya karɓar kod mai lamba shida daga hannunka ya miƙa wa shafin gaskiya kafin ya mutu, amma makullin ba ya amsa wa adireshin da ba shi aka yi masa rajista da shi ba. Google sun faɗa a 2018 cewa tun da suka tilasta wa ma'aikatansu sama da 85,000 amfani da shi a 2017 ba a ƙara cin asusun aikin ko ɗaya ta hanyar fishin, wato yaudara da saƙo ko shafin bogi, ba.

SSO ɗin shi kansa ka fahimce shi da kyau, kamar ka toshe duk ƙofofin gida ne ka bar zaure ɗaya, daɗin tsaro gare shi amma in ya rufe kowa a waje zai kwana. Don haka MFA ɗin a can wajen tsarin da ke tantance masu shiga za ka sa shi, ko Entra na Microsoft ne ko Google ko Okta, ba a kowane app daban ba. In Dropbox ne suna da zaɓi biyu, na ganin dama da na dole, ka bar shi a na ganin dama ka gwada da mutum uku ko huɗu masu haƙuri, kuma a cikinsu ka sa wanda ya fi kowa rashin iya kwamfuta, shi ne zai nuna maka inda zai karye. Lokacin gwaji kar ka fita daga shafin admin, ka bar shi a buɗe ka gwada a wata taga ta sirri, in ya ƙi sai ka koma ka warware. Abin da ya fi kayar da mutane imel ne da bai yi daidai ba tsakanin mai tantancewar da wajen ajiyar fayilolin, can an rubuta suna da ɗigo nan babu. Kuma kar ka kunna dole ranar ƙarshen sati da yamma ko ranar biyan albashi.

Satifiket ɗin da ya kashe mu, na Entra shekara 3 yake yi in ba a canza ba, na Google shekara 5. Entra na turo gargaɗi saura kwana 60, da 30, da 7, amma ga imel ɗin da aka sa masa kawai, don haka ka sa adireshin rukuni wanda mutum fiye da ɗaya ke gani, ka kuma rubuta ranar a kalandar ofis. Shekara uku da nisa, wataƙila ma kai ka bar wajen, ka tausaya wa wanda zai gaje ka.

Af, sabbin ma'aikata. A Google Workspace akwai wa'adin da za ka ba sabon shiga ya yi rajistar mataki na biyu, daga kwana ɗaya har wata shida, in ba ka saita ba za ka ga sabon mutum ya kasa shiga tun ranar farko. A Entra kuma akwai Temporary Access Pass da za ka ba wanda wayarsa ta ɓata ya shiga ya sake rajista. Amma kar ka sake saita wa kowa MFA don kawai ya kira a waya ya ce shi ne wane, ka gan shi ido da ido ko ta bidiyo.

Wani abu da ba ka tambaya ba amma yana ci min rai: duk wannan wahalar ba ta taɓa linkin da aka raba a "duk mai linki zai iya gani" ba. Ka sa makulli goma, wanda ke da linkin zai buɗe ba faswod ba kod. Da na bincika namu na tarar da foldar takardun ma'aikata a haka tun zamanin mutumin can, wai don ya sauƙaƙa wa kansa aiki. Haka wanda ya bar aiki, rufe shi a SSO ba lallai ya fitar da shi daga app ɗin da ke kan laftof ɗinsa nan take ba, sai ka fitar da asusunsa daga duk na'urori ka cire su, in tsarinku na da SCIM, mai daidaita asusu tsakanin mai tantancewar da app, ka haɗa don rufewar ta riƙa bi da kanta. Kuma ka mayar da mallakar fayilolinsa ga wani kafin ka goge asusun.

Sannan ka shirya wa oga, don shi da ke matsa maka shi ne zai fara cewa a cire masa wannan abin yana ɓata masa lokaci. Kar ka yarda, asusunsa aka fi nema. Ka tuna masa Dropbox kansu a 2012 ta faswod ɗin ma'aikaci ɗaya da ya maimaita a wani shafin aka shige su, bayanan asusu kusan miliyan 68 suka fita. Ka zauna da shi ka sa masa da hannunka, ka nuna masa ba kullum zai riƙa tambayarsa ba a kwamfutar da ya saba.

Ba ka faɗi wane tsari kuke kai ba, Workspace ne ko Microsoft 365 ko Dropbox, kuma ka duba ko fakejin naku ma yana da SSO don ba kowanne ke zuwa da shi ba, galibi sai na sama. Ka faɗo shi da yawan mutanenku, da ko wani na waje ne ya haɗa muku tun farko, sai in nuna maka inda za ka fara dannawa.