Tambaya da Amsa: Hoton Wasa Mai Gudu da Hanyar Shigarsa Jarida

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ni ɗalibi ne a Tawa, ina da ƙaramar kyamarar Canon da yayana ya bar mini. Na ga hotunan Turawa suna sulu kan dusar ƙanƙara a tsakiyar gari, suna gangarowa ta kan ƙarfen matakala. Yaya ake ɗaukar irin wannan? Nawa na kokowa duk dishi-dishi suke fitowa, kuma burina in ga hotona a jarida.

Amsa: Ƙanena, wasan da ka gani na biranen sanyi ne, irin su Helsinki a Finlan da Kebek a Kanada. Yawanci da dare ake yi, idan ƙafa ta ɗauke, a kunna janareta da fitilu, a tara ƙanƙara da shebur, igiya mai inji ta fizgo ɗan wasan. Mai hoto ya riga ya zaɓi wurin tsayuwarsa, ɗan wasa kuma ya yi ta maimaita tsallen har a dace. Hoton da ake saye shi ne mai nuna inda mutum ya taso da inda zai dira, da tsawon matakalar, don mai kallo ya san girman kasadar.

Kai kuwa ba wanda zai maimaita maka kaye, shi ya sa nake ganin aikinka ya fi nasu wuya. Maganin dishi-dishi dai mai sauƙi ne. Juya maɓallin sama zuwa Tv, inda kai ne ke zaɓar saurin ɗauka, ka sa 1/1000 na daƙiƙa. Idan la'asar ta yi sanyi haske ya ragu, ɗaga ISO, wato ƙarfin kama haske na kyamara, zuwa 1600 ko 3200. Sa AI Servo don kyamara ta riƙa bin motsi, ka kunna ɗauka a jere. Filashi kuma ka bar shi, yana damun ƴan wasa.

Sauran aikin na ido ne. Durƙusa ƙasa, daidai gwiwar ƴan kokowa, ka zuba wa hannuwa ido. Da zarar ɗaya ya cafko ƙafa ko ya sarƙe ƙugu, fara latsawa. In ka jira sai baya ya taɓa rairayi, ka makara. Ka bar fili a hoton don ƙurar da ta tashi da layun da ke lilo a damtse da makaɗan da ke gefe su shigo. A Tawa aka fara gasar Takobin Ƙasa, babbar gasar kokowa ta Nijar, a 1975, kana tsakiyar abin. Lokacin hunturu ake yin ta, saboda haka kada ka kuskura ka cire gilashin kyamara cikin ƙura.

Batun jarida, nan matasa suke yi wa kansu asara. Hoton da ya riga ya zaga Facebook edita ba ya ɗokinsa, WhatsApp kuma matse hoto yake yi har ya lalace. Zaɓi biyar ko shida mafi kyau, ka aika ta imel a ranar wasan ga sashen wasanni na jaridu irin su Le Sahel da Sahel Dimanche a Yamai. Kowane hoto ka rubuta masa suna da jihar kowane ɗan kokowa, da wuri, da kwanan wata, cikin Faransanci. Ainihin babban fayil ɗin ka riƙe shi a hannunka sai kun daidaita kan kuɗi, da sa sunanka a ƙarƙashin hoton, da cewa bugu ɗaya ka sayar musu. Allah ya ba da sa'a.