Ƙaramar hukuma za ta iya hana noman GMO?

Tambaya: Malam, na ji an ce wata ƙaramar hukuma a Amurka ta haramta irin shukar da aka sauya wa ƙwayoyin halitta. Gaskiya ne? Tamu ma za ta iya? Daga wani manomin masara a Funtuwa.

Amsa: Gaskiya ne, Malam. A watan Maris na 2004 mutanen gundumar Mendocino ta jihar Kalifoniya suka jefa ƙuri'a suka hana noman GMO, wato irin shukar da aka sauya wa ƙwayoyin halitta, a yankinsu, kuma su ne na farko a Amurka. Amma noma kaɗai suka hana, abincin da aka sarrafa da shi bai bar kantuna ba.

Dalilinsu ne nake so ka riƙe. Mu nan da an ambaci GMO sai hankali ya tafi ga cuta, alhali babban rahoton majalisar masana kimiyya ta Amurka na 2016 bai sami shaidar cewa wanda ke kasuwa ya fi sauran abinci haɗari ba. Abin da ya fi tayar da manoman can shi ne barbara. Iska ba ruwanta da iyakar gona. A gundumar Jackson ta jihar Oregon, wadda ta yi nata hanin a 2014, masu noman iri ne suka ji tsoron bununin gonar maƙwabci ya shiga tasu, mai saye ya ce irin ya gauraya, ya fasa ciniki. Wannan kuka ne na gaskiya, kuma kai ka fi kowa saninsa: ka shuka farar masara kusa da ja, ka ga abin da za ka ɓare. Wake kuwa galibi kansa yake yi wa barbara, shi ya sa damuwata a kan masarar TELA da aka fitar a 2024 ta fi wadda nake da ita a kan waken SAMPEA 20-T na cibiyar binciken aikin gona (IAR) ta Zariya, ko da yake dukansu GMO ne da aka fitar a Najeriya.

Sai maganar iko. Gundumar Maui ta jihar Hawai ta yi irin wannan doka a 2014, kotun tarayya ta rushe ta, kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar da hukuncin a 2016, domin dokokin sama sun rinjayi na gunduma. A Najeriya ma hukumar tarayya mai sa ido kan fasahar sauya ƙwayoyin halitta (NBMA), wadda aka kafa a 2015, ita ke ba da izinin fitar da GMO. A ganina, dokar hani daga ƙaramar hukuma da wuya ta tsaya a kotu.

Sai dai tsarin mulkin 1999 ya ba ƙaramar hukuma kula da kasuwanni da hannu a bunƙasa noma. Ku haɗa kai da sarkin noma, ku je wurin kansila da shugaban sashen gona, ku nemi kada a sayar da iri a mudu ba suna, a kuma sasanta tazarar gonakin masara tun kafin ruwan shuka.