Tambaya da Amsa: Yaushe Ya Fi Dacewa Mu Ziyarci Magangarar Ruwa ta Gurara?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni da maigidana muna zaune a Kaduna, kuma tun bayan bikinmu ba mu taɓa fita yawon buɗe ido tare ba. Yanzu ya samu hutun kwana biyu a watan Agusta, shi ne muke shawarar zuwa magangarar ruwa ta Gurara, sai dai wata ƙawata ta ce mu bari sai rani domin a lokacin ne ake iya shiga ruwan. Wanne ya fi, kuma kwana biyu za su ishe mu? Daga wata mai karanta mujallarmu a Kaduna.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya sanya albarka a zamanku. Maganar ƙawarki tana da tushe, amma a ganina kada ku ɗage tafiyar, domin Agusta na cikin watannin da kogin Gurara ke cika ya batse, kuma a lokacin ne ruwan ke zubowa da dukan ƙarfinsa daga tsayin kimanin mita 30, ya rufe faɗin dutsen baki ɗaya, har mutum yana jin rugugin sa tun kafin ya hango shi. Ruwan yakan zama ja saboda lakar da ya kwaso, feshinsa kuma yana jiƙa tufafin wanda ke tsaye nesa. Daga Janairu zuwa Maris kuwa ruwan yakan janye ya rarrabu sirara-sirara, duwatsu da yashi su bayyana, a samu wurin shimfiɗa tabarma a ƙasa. Wurin yana da daɗin zama a lokacin, amma wanda ya je a rani bai ga Gurara a cikin ƙarfinta ba.

Sharaɗin zuwa da damina ɗaya ne, kuma ina roƙonku ku riƙe shi da muhimmanci: kada ɗayanku ya sa ƙafa a ruwan, ko da ya iya iyo. Duwatsun bakin kogin suna da santsi saboda gansakuka da feshi, igiyar ruwan kuma ta fi yadda ido ke gani ƙarfi, musamman idan an yi ruwan sama a can saman kogin alhali inda kuke ko yayyafi ba a yi ba. Sau da yawa neman hoto mai kyau ne ke jan mutum zuwa bakin gaɓa, don haka ku ɗauki hotunanku daga sama, inda ake tsayawa kallo, kuma ku sa takalma masu kama ƙasa maimakon silifa.

Kwana biyu sun isa. Magangarar tana Ƙaramar Hukumar Gurara ta Jihar Neja, kuma daga Kaduna za ku bi hanyar Abuja har mahaɗar Dikko, sannan ku karkata zuwa hanyar Minna, ku wuce Lambata, kafin ku sauka daga babban titi wajen ƙauyen Bonu. Na fi so ku kwana a Suleja ko Abuja a rana ta farko, ku yi sammako washegari, domin manyan motoci sun yi yawa a hanyar Minna, kuma tafiyar dare a waɗannan hanyoyi ba abin so ba ce. Ku tambayi halin da hanya take ciki kafin ku tashi, ku kuma baro wurin tun kafin la'asar.

Ku tafi da abincinku da ruwan sha da na alwala, tare da tsabar kuɗi saboda kuɗin shiga, kuma idan za ku ɗauki ɗan rakiya daga mutanen wurin, ku daidaita da shi tun farko. Da yammacin ranar farko kuna iya tsayawa ku ga Dutsen Zuma kusa da Madalla, wanda hotonsa ke jikin takardar naira 100, tunda bai da nisa da masaukinku.