Ku Tambaya Mu Amsa: Iskar da ta yaye mana kwano

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ina rubuto muku daga wani ƙauye a ƙasar Ringim, jihar Jigawa. A farkon daminar nan iska ta taso da la'asar, ta yaye rufin ɗakuna biyu na gidana, ta kuma tuge darbejiyar ƙofar gida ta kwantar da ita a kan katanga. Ɗana ya nuna mini bidiyon wata guguwa da ta share unguwa guda a Amurka, ya ce irinta ce ta same mu. Shin gaskiya ne? Kuma yaya zan sake rufin?

AMSA: Wa alaikumus salam. Malam, Allah ya mayar da alheri, ya kiyaye gaba.

Abin da ɗanka ya nuna maka shi ne guguwar da Turawa ke kira tonado, wadda ke saukowa daga cikin hadari tana juyawa kamar ana murɗa igiya. Amurka ce ta fi kowace ƙasa fama da ita, domin a shekara takan samu fiye da 1,000, musamman a jihohin Teksas da Oklahoma da Kansas. Tun 2007 suna auna ƙarfinta da ma'auni mai hawa shida, daga EF0 zuwa EF5, bisa ga ɓarnar da ta bari a gidaje da itatuwa. Wadda ta faɗa wa birnin Joplin a watan Mayun 2011 ta kai hawan ƙarshe, gudun iskar da ke juyawa a cikinta ya haura kilomita 320 a awa guda, ta kashe mutum fiye da 150.

A ganina, ba ita ce ta same ku ba. Tamu ita ce iskar da ke gaban hadarin gabas a watannin Mayu da Yuni, wadda ke bugowa kai tsaye ba tare da juyawa ba. Ka zaga ƙauyen ka dubi itatuwan da suka faɗi: idan yawancinsu sun kwanta suna fuskantar yamma, to iskar hadari ce; tonado kuwa takan watsar da su ta kowace fuska a cikin siririn layi.

Batun rufin shi ne ya fi muhimmanci. Mutane da yawa suna zaton iska ture kwano take yi, alhali ɗaga shi take yi. Idan ta bi ta saman rufi da gudu sai ta riƙa tsotso shi sama, idan kuma ta samu shiga ɗakin ta taga ko ƙofar da ke buɗe, ko ta ƙarƙashin bakin kwanon da ya zarce bango da yawa, sai ta tura shi daga ciki. Shi ya sa ake tarar da rufi sukutum da katakonsa a gonar maƙwabci, ƙusoshi ba su ko motsa ba. Inda aka yi sake shi ne mahaɗar katako da bango. Saboda haka ka sa magini ya binne langa-langa ko rodi a cikin ginin, layi uku ko huɗu ƙasa da bakin bango, sannan kafinta ya naɗe kowane katako da shi. Ya ƙara yawan ƙusa a gefuna da kusurwoyi, domin nan iska ke fara ɓamɓara, ya kuma rage zarcewar kwanon. In da hali a ɗora rawani, wato gajeren ginin da ake ƙarawa a saman bango, ya rufe bakin kwanon, dabarar da magina soraye suka daɗe da sani. Duwatsu da tsofaffin tayoyi da ake jibgawa a kan rufi ba na ba da shawararsu, don in sun tashi kan mutane suke saukowa.

Game da darbejiyar, ka duba gindinta, mai yiwuwa gara ta cinye cikinta ko an sare saiwoyinta lokacin haƙa harsashin katanga. Kada wannan ya sa ka sare sauran, domin su ne ke karya ƙarfin iska kafin ta iso gida. A dai riƙa rage musu rassa tun cikin bazara, sabon dashe kuma a nisanta shi da ɗakin kwana.

Kafin ka taɓa komai, ɗanka ya ɗauki hotunan ɓarnar da wayar tasa, ku kai wa dagaci, shi kuma ya miƙa rahoto ga ƙaramar hukuma da hukumar agajin gaggawa ta jiha, SEMA.