Hukuncin sayar wa ƴan ta'adda mai da kayan babur

Tambaya: Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ni ɗan kasuwa ne a Tawa, ina sayar da man fetur a bido da kayan gyaran babur, ina kuma cin kasuwannin ƙauyukan arewa. Akwai wasu mutane da kan zo su kwashi mai da tayoyi da yawa, ba sa neman ragi, wani lokaci ma su ninka kuɗin, kuma zuciyata tana gaya mini daji suke kai wa. Ƙanena yana cewa babu laifi, wai zalunci ne ya kai mutanen nan daji kuma jihadi suke yi. Mene ne hukuncin wannan ciniki, kuma me zan ce wa ƙanena?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Ɗan'uwa, asalin saye da sayarwa halal ne, kuma mai da taya ba haramun ba ne a karan kansu. Sai dai malamanmu na Malikiyya sun tabbatar da cewa sayar da abu halal yana komawa haramun idan mai sayarwa ya sani, ko zatonsa ya rinjaya, cewa mai saye zai yi ɓarna da shi. Hujjarsu ita ce aya ta 2 ta Suratul Ma'ida, wadda ta hana taimakekeniya a kan zunubi da ƙetare iyaka, da kuma hadisin da ya la'anci mutum goma a kan giya, har da wanda ya matse ta da wanda ya ɗauko ta da wanda ya ci kuɗinta, ko da kuwa bai kurɓa ba. Imamu Bukhari ya ambaci cewa Sahabi Imrana ɗan Husaini ya ƙi a sayar da makami a lokacin fitina. A dajinmu na yau babur da mansa sun shiga wannan hukunci. Waɗanda suka afka wa Intazayen da Bakorat da Wistan a yankin Tiliya ranar 21 ga Maris 2021, inda gwamnati ta sanar da mutuwar mutum 137, a kan babura suka zo. Kwana shida kafin nan an kashe mutum 58 a yankin Banibangu, da yawansu suna hanyar dawowa daga cin kasuwa, wato ƴan kasuwa ne irinka. Babu babur ɗin da ya kai maharan can sai da man da wani ya auna ya karɓi kuɗinsa. Saboda haka cinikin da ka bayyana haramun ne muddin zatonka ya rinjaya a kan inda kayan ke zuwa.

Amma ina jan kunnenka a kan abin da ake kira rinjayen zato, domin a nan ne mutane da yawa ke faɗawa cikin wani zaluncin. Rawani ko harshe ko ƙabila ba shaida ba ne. Bafulatani ko Buzun da ya sayi mai don ya kai mara lafiya asibiti ko ya kai awakinsa kasuwa yana da haƙƙin a sayar masa kamar kowa, kuma su ma makiyaya an kashe su an kore musu dabbobi. Abin dubawa shi ne irin abin da ka faɗa da bakinka: sayen da ya wuce buƙatar gida, ninka farashi ba dalili, da ɓoye inda za a kai kayan. Idan kuwa an tsare ka da bindiga aka tilasta ka, babu zunubi a kanka, tunda aya ta 106 ta Suratun Nahli ta yi uzuri ga wanda aka tilasta a kan abin da ya fi wannan girma. Amma wanda yake komawa kasuwa guda kowane mako saboda daɗin ribar ba zai kira kansa wanda aka tilasta ba. Ribar da ka riga ka ci, ka tuba, ka ƙiyasta ta ka fitar da ita ga ƴan gudun hijira da marayun waɗannan hare-hare.

Maganar ƙanenka kuwa, akwai gaskiya a rabinta, kuma kuskure ne ka musanta wannan rabin. Makiyayin da aka sace masa shanu ya kai ƙara bai ga hukunci ba, da saurayin da ya tashi babu makaranta babu sana'a, da wanda aka kashe masa uba bisa zargi, duk suna da sauƙin ja. Mamaye Iraki a 2003 ya buɗe ƙofar da Da'ish ta fito, kuma rushewar Libiya a 2011 ta watsa makaman da suka kai ga faɗuwar arewacin Mali a 2012. Cutar ta'addanci ma ba ta Musulmi kaɗai ba ce, domin wanda ya kashe masallata 51 a birnin Christchurch a 2019 ƙiyayyar launin fata da ta addini ce ta tura shi. To amma miliyoyin talakawa da waɗanda aka zalunta ba su taɓa yanka maƙwabcinsu ba. Abin da ke mayar da ɓacin rai ya zama kisan jama'a shi ne aƙidar kafirta Musulmi da halatta jininsu, kuma tsohuwar aƙida ce. Khawarijawa sun fito bayan yaƙin Siffin suna cewa babu hukunci sai na Allah, Sayyidina Ali ya ce kalmar gaskiya ce aka nufi ɓata da ita. Su ne suka yanka Abdullahi ɗan Khabbab, daga baya ɗayansu ya kashe Ali kansa a Kufa a shekara ta 40 bayan Hijira. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya siffanta su da ƙarancin shekaru da wautar tunani, ya kuma ce suna kashe ma'abota Musulunci. Ka tambayi ƙanenka, wane jihadi ne ya kashe mutum 44 a masallacin Fambita, a jihar Tilaberi, ranar Juma'a cikin Ramadan na 2025?

Kada ka kore shi, kada ka wulaƙanta shi a gaban mutane, domin yaron da gida ya rufe wa ƙofa ƴan ta'adda ne ke buɗe masa tasu. Ibnu Abbas ya je wurin Khawarijawa ya zauna da su, ya bi shubuhohinsu ɗaya bayan ɗaya, kuma dubbai suka dawo. Ka nemi sanin wa'azin da yake saurare a wayarsa da wanda ke turo masa, ka kai shi wurin malamin da zai saurare shi kafin ya ba shi amsa. Mu malamai ma wannan nauyi yana wuyanmu, kamar yadda yake wuyan hukuma ta yi adalci ko ga wanda take ƙi, ta kuma bar ƙofar tuba a buɗe irin yadda aka karɓi tubabbun Boko Haram a Gudumariya ta jihar Difa. Aya ta 34 ta Ma'ida ta yi tanadi ga wanda ya tuba kafin a ci ƙarfinsa.

Game da waɗancan masu saye, ka janye daga gare su cikin dabara yadda ba za ka jefa kanka da iyalinka cikin hatsari ba, ko da ta kai ka bar cin waccan kasuwa. Idan ka tabbatar da abin da suke yi, ka sanar da jami'in tsaro ko basaraken da ka amince da shi, ka faɗi iyakar abin da idonka ya gani, kada ka ƙara sunan wani saboda gaba ko kishin kasuwa. Allah ne Mafi sani.